Sabon Gida A Kwarin Rima: Wace Inuwa Muke Shukawa?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi, ta ratsa Gwadangaji da Zauro da Ambursa ta nufi Argungu, zai ga yadda gari ke cin gona a kowace shekara. Wuraren da a da manoma ke kwance shanun huɗa su zauna ƙarƙashin gawo su sha fura, yanzu katangar bulo ce da ƙyauren ƙarfe mai fenti. Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991 da aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makarantu suke ta neman fuloti, sannan zuwan filin jirgin sama na Ambursa da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ya ƙara wa abin zafi. Wannan alheri ne, kuma babu mai hankalin da zai yi kuka da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da muke yi wa filin kafin gini, da abin da muke zuba masa bayan magina sun kwashe kayansu.

Bari in ba mai karatu labarin wani abokina, ma'aikacin gwamnati, wanda ya sayi fili ƙafa 100 kan 100 a kan tudu kusa da Zauro. Ranar da ya kai ni in gani, akwai kanya babba guda a kusurwar yamma, da aduwa biyu, da kututturan kalgo birjik. Bayan mako biyu da na koma, babu ko ɗaya. Na ce, "Alhaji, ina kanyar nan?" Ya ce, "Haba Malam, ai sai an share fili ake awon gini." Katafila ta yi aikinta cikin wuni guda. Da aka gama gida, sai ya ɗauko mai gyaran lambu daga Abuja, aka shimfiɗa ciyawar Turawa a gaba, aka jera kwakwar ado a bakin ƙofa, aka kewaye katanga da dogon icen nan siriri da ake kira maskwared, sauran filin kuma aka malale shi da intalok. Gaskiya ranar walima gidan ya yi kyau, har ni ma na yaba.

A shekara ta biyu, cikin watan Afrilu, injin rijiyar burtsatse ya ƙone, aka yi kwana goma kafin a samo wani. A cikin kwanakin nan ciyawa ta koma kamar tsohuwar tabarma, kwakwa ta sunkuyar da kai. Yau idan ka je gidan da azahar, za ka tarar da iyali a ƙarƙashin rumfar kwanon da aka yi domin motoci, domin ita kaɗai ce inuwar da ke tsakar gidan. Shi maskwared ɗin, wanda asalinsa Indiya ne da Siri Lanka, yana nan tsaye kamar sojan faretin da ba a sallama ba. Bahaushe ya ce inuwar giginya na nesa ka sha, to wannan ko na nesan bai samu ba.

A nan ya kamata a yi lissafi, tunda masu karanta wannan shafi mutane ne da suka san lissafi. Ruwan saman da ke sauka a yankin Birnin Kebbi a shekara bai wuce kimanin milimita 800 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Sauran watannin kuwa yawancinsu babu ko ɗigo, ga iskar hunturu mai busar da komai, ga bazara da zafinta kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci, kowace murabba'in mita ta koriyar ciyawa tana buƙatar kusan lita 7 ta ruwa a kullum. Ke nan ɗan filin ciyawa mai mita 10 kan 10 zai sha lita 700, wato jarka 28 ta 'yan garuwa, kowace rana ta Allah. Wannan ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, inda maƙwabcinka mai rijiyar guga shi ma yake sa rai. A ɗaya ɓangaren kuma, rufin kwano mai murabba'in mita 200 yana tara kimanin lita 160,000 a damina guda, amma da yake mun malale tsakar gida da siminti, duk sai ya bi ta ƙarƙashin ƙyaure ya fita titi, ya je ya cinye hanyar unguwa. Muna korar ruwan da ya zo kyauta, muna sayen man janareto domin mu ɗago wani.

Kada a ɗauka ina faɗa da duk wani baƙon ice. Dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, shi ma ɗan Indiya ne. A 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno, ya iso ƙasar Sakkwato cikin shekarun 1930, kuma ko maƙiyinsa ya san ya biya kuɗin zama. Ba don shi ba, da tsofaffin unguwannin Birnin Kebbi da Argungu ba su zaunu ba. Haka zogale da mangwaro, baƙi ne da suka zama 'yan gida. Sai dai jingina inuwar ƙasa baki ɗaya a kan ice guda ganganci ne, kuma an ga alamar hakan a farkon shekarun 1990, lokacin da dogon yaro ya riƙa kakkaɓe ganye yana bushewa a sassan Jamhuriyar Nijar, hankalin malaman daji ya tashi. Ma'aunin da nake kira a yi amfani da shi mai sauƙi ne: idan aka daina ba icen nan ruwa bayan shekara biyu, zai rayu? Idan ya rayu, me zai ba mutanen gida ban da kallo? Itatuwanmu na gado sun daɗe da cin wannan jarrabawa, tun kafin Kanta ya gina Surame.

Aikin farko, kuma mafi arha, shi ne mai gida ya je ya tsaya a filinsa kafin katafila ta shiga. Ya ɗauki wani dattijo manomi na ƙauyen su zagaya tare, ya tambayi sunan duk abin da ke tsaye da duk kututturen da ke tofo. Ice mai shekara arba'in ba a sayar da shi a kowace kasuwa, kuma matsar da ɗaki mita uku a kan takardar zane bai kai wahalar jiran shekara arba'in ba. Su kansu kututturan da muke rainawa dukiya ce. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun tabbatar da haka tun daga 1983, lokacin da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara rassan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwoyinsu ke nan a ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kowane kututture suna datse sauran, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa su ba. Abin da ya yi aiki a gona zai yi a fuloti. Kalgo ko magarya da ta tofo daga tsohuwar saiwa takan yi a shekara biyu abin da dashen leda ba zai yi a biyar ba, kuma ba ta neman ko moɗa guda ta ruwa.

Na biyu, mutum ya san a wace ƙasa yake. Zauro gari ne mai fuska biyu. Ta gefe guda ga fadamar Rima mai laka, wadda ta sa aka san garin da shinkafa har aka jera dalarta a can a 2021. Ta ɗaya gefen ga tudu mai rairayi, wani wurin kuma da marmara a ƙarƙashi. Wanda gidansa ya gangara kusa da fadama ya tuna da ambaliyar 2010 da ta 2020, ya zaɓi itatuwan da ba su tsoron ƙafarsu ta kwana cikin ruwa, irin su ɗinya da kanya da giyayya da bagaruwa, ya kuma yi wa gefen filinsa layin jema, ciyawar nan mai zurfin saiwa da ke riƙe ƙasa. Wanda ke kan tudu kuwa, aduwa da magarya da kurna da danya da gawasa da kuka su ne mutanensa. Na ga wanda ya dasa ɗinya a kan fako ya yi shekara uku yana zargin mai sayar da dashe, alhali laifin nasa ne.

Sai batun da ya fi kowanne muhimmanci, wato wane ice ne zai tsaya a ina. Muna neman inuwa ne a watannin Maris da Afrilu da Mayu, don haka tambayar da za a yi wa kowane ice ita ce ko yana da ganye a lokacin. Kuka da danya da gurjiya tsirara suke yin rani. Tsamiya da kanya da kurna da aduwa da maɗaci kuwa suna riƙe ganyensu a lokacin da ake buƙata. Gawo shi ne mai abin mamaki, domin yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, wanda hakan ya sa manoma ke shuka gero har gindinsa. Ga mai babban fili, gawo ɗaya a bayan gida inda ake ɗaure tumaki zai ba da inuwa da 'ya'yan da dabbobi ke so, amma kada a kai shi inda yara ke gudu ba takalmi saboda ƙayarsa. Bangon yamma shi ne wanda rana ke gasawa daga azahar zuwa magariba, shi ne kuma ke mayar da zafin cikin ɗaki da dare, saboda haka babban icen inuwa can ya kamata ya tsaya. Gabas kuwa daga nan hadari da guguwar farkon damina ke tasowa, don haka ba a son ice mai gautsin reshe ya rataya a kan rufi ta wannan gefe.

Girman fili ma yana da hukuncinsa. Fuloti mai ƙafa 50 kan 100 ba zai ɗauki fiye da babban ice ɗaya ba, kuma a bar aƙalla mita 8 tsakaninsa da gini idan da hali. A nan dole in yi gargaɗi game da dangin ɓaure, wato gamji da ceɗiya da durumi. Inuwarsu babu kamarta, shi ya sa ake samun su a ƙofar fada da bakin kasuwa, amma saiwarsu tana jin ƙanshin ruwa daga nesa, za ta fasa ramin masai ta ɗaga harsashin katanga. Wurinsu ƙofar gida ne a waje, inda dattawan unguwa za su shimfiɗa tabarma. Giginya kuma, duk da kwarjininta da muke gani idan an nufi Kamba da Gaya, ba icen tsakar gida ba ce, domin ɗanta ɗaya idan ya faɗo daga sama ya isa ya kai yaro asibiti.

Idan aka ce mini in zaɓi ice ɗaya tak ga matsakaicin gida a wannan yanki, tsamiya zan zaɓa, duk da na san abin da za a ce. Za a ce tsamiya matattarar iskoki ce, haka ma kuka, kuma na san gidajen 'yan boko masu digiri biyu inda uwar gida ta hana a dasa ta saboda wannan. Ban zo yin gardama da kowa a kan abin da ba a gani ba, amma na lura tsoron bai hana mu shan kunun tsamiya da azumi ba, bai kuma hana miyar kuka shiga tukunya ba. Tsoron maciji ya fi wannan hujja, sai dai maciji ɓera yake bi, da tarin bulo da itacen girki da aka jibge a lungu. Ice da aka datse rassansa na ƙasa aka share gindinsa ba ya ɓoye komai. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da babbar kuka ba, akwai dabarar da aka yaɗa a ƙasar Mali: a shuka kuka kusa da kusa a ɗan fage kamar alayyafo, a riƙa yanke kanta kada ta wuce ƙugu, a samu ɗanyen ganye cikin 'yan watanni.

Mai karatu zai ce, to ina ado? Ai ba inuwa kaɗai ake nema a gida ba. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Kariya, wadda ke tsirowa a kan duwatsun ƙasarmu tana fure ja da fari a tsakiyar rani ba ganye ko ɗaya, ita ce masu lambun Tailan da Turai ke renonta a tukwane suna sayarwa da tsada, har wasunmu su sayo ta a Abuja ba su gane ta ba. A dai kula, ruwanta guba ne, a ajiye ta nesa da yara da dabbobi. Minjirya da gurjiya suna yin jan fure da hunturu, marga da madobiya kuma ruwan ɗorawa. Ita madobiya dasa ta a gida ya zama kamar ceto, domin masu safarar katako zuwa Sin sun yi mata kisan kiyashi a Afirka ta Yamma, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Domin shinge kuwa, lalle ya fi duk wani ɗan shingen da ake kawowa daga kudu: yana jure aski, furensa na ƙamshi da yamma, matan gida kuma ba sai sun aika kasuwa ba. A maimakon ciyawar Turawa, a yi daɓe ko a zuba tsakuwa a inda ake tafiya, a bar gamba ko jema tsibi tsibi a gefe, a sakar wa yaɗiya katanga ta hau.

Yadda ake dashen ba wani sirri ba ne. A haƙa rami tun cikin Mayu, zurfin kamu ɗaya da rabi, faɗinsa ma haka, a kwashe ɓaraguzan siminti da magina suka binne, a cika da ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen takin shanu. Ɗanyen taki gara yake kira, don haka a guje shi, a kuma barbaɗa toka. Ba a dashe da ruwan farko, sai damina ta zauna a cikin Yuli. A bar bakin ramin ya ɗan faɗa kamar kwano, irin tassar da manoman Tawa ke yi, a karkato ruwan indararo da na wurin alwala zuwa gare shi. Da rani, tsohon tulu da aka binne kusa da saiwa ana cika shi sau biyu a mako ya wadatar. Iri mai taurin ɓawo kamar na kuka da gawo da bagaruwa da kalwa, a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka. Ƙwallon kaɗanya kuwa ba ya ajiyuwa, da an ci sai a binne. Babban abokin gaba bai wuce akuya ba, kuma duk dashen da ke wajen katanga ba keji, sadaka ce aka yi mata.

Ƙorafin da na fi ji shi ne itatuwanmu ba su da sauri. Ba zan musa ba. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kanya ma tafiyar hawainiya take yi, ga shi kuma akwai mace akwai namiji, sai ta girma za ka san wanda ka samu. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Maɗaci da kurna da bagaruwa suna tashi da hanzari idan sun samu kulawa a shekaru biyun farko. Magarya mai aure, wadda cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, tana ba da 'ya'ya manya kamar ƙaramin tuffa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Dabarar ita ce a haɗa mai sauri da mai nawa: zogale da gwanda su riƙe gida na ɗan lokaci, tsamiya tana tahowa a hankali, idan ta buɗe sai a cire su.

Matsalar gaske ita ce samun dashen. Ka zagaya masu sayar da furanni a bakin titunan Birnin Kebbi ka ce kana son ɗinya ko kanya ko ɗorawa, za su dube ka kamar ka yi ɓatan kai. Ba laifinsu ba ne, abin da ake tambaya shi suke renowa. Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Da gandayen renon itatuwa na gwamnati za su ware ko da kashi ɗaya cikin huɗu na ledojinsu ga itatuwan gida, su kuma sanar da jama'a inda za a same su, da an rage wannan wahala. Hukumar tsara birane ma tana iya sa sharaɗi a takardar izinin gini cewa a nuna manyan itatuwan da ke filin a kan zane, kada a sare ko ɗaya sai da dalili. Kafin a kai can, mu da ke gina gidajen mu ne kasuwar. Mutum goma suka tambayi mai furanni ɗinya a wata guda, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Ni dai ban jira ba. Irin da ke gidana daga kasuwar Argungu na samo shi, a faifan mata masu sayar da kayan marmari na daji: kanya da ɗinya da taura da aduwa, yara suka shanye, na tattara ƙwallayen na shuka a ledojin ruwan sha. Cikin ashirin da na shuka bakwai suka rayu, akuyar maƙwabci ta rage mini biyu. Abokin nan nawa na Zauro ya zo ya karɓi kanya ɗaya a daminar bara, ya sa aka ɗaga intalok a kusurwar yamma, daidai inda katafila ta tumɓuke ta farkon. Da na je duba ta cikin watan jiya, tsawonta ya kai gwiwata.